Turbo da Sensa a Motocin da Aka Sauya wa Fasali: Nazari a Kan Gyaran Injin a Zangon Kwatano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ɗora turbo da yadda ake gano cutarsa a motocin da suka biyo ta Kwatano, ta la'akari da unguwar Zango da garejojin da suke yi mata aiki. Hujjar da aka kafa ita ce, mutuwar turbo a irin waɗannan motoci galibi alama ce ta wata ɓarna da ta riga ta auku a baƙin mai, ko a fetur da gas, ko a saɓanin da ke tsakanin injin da kwamfutarsa, saboda haka sauya turbo ba tare da karanta abin da sensa ke faɗa ba maimaita asara ne.

Gabatarwa

Zango unguwa ce ta Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da sauran Musulmin arewa a tsakiyar Kwatano, kusa da tashar jiragen ruwa da tashar motocin Jonquet, kuma tun da daɗewa ta zama masaukin fataken da ke zuwa daga Nijar da Nijeriya domin sayen kaya, musamman motocin gwanjo. John Igué da Bio Soulé sun bayyana Benin a littafinsu na 1992 a matsayin ƙasar da tattalin arzikinta ya dogara da karɓar kaya tana miƙa wa maƙwabta, daga baya kuma Joost Beuving da Martin Rosenfeld suka bi sawun cinikin motocin tun daga unguwar Heyvaert ta birnin Burasal da tashar Antuwaf har zuwa filayen ajiye motoci na Sèkandji da Ekpè a kan hanyar Sèmè. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Waɗannan ayyuka sun mai da hankali a kan ciniki da dillanci da kwastan. Abin da ke faruwa a cikin injin bayan mota ta sauka daga jirgi bai samu irin wannan kulawa ba, alhali a nan ne mai saye yake cin riba ko ya tafka asara.

Cinikin ya sha girgiza, domin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da zirga-zirga a gadar Malanbil da Gaya. Kowace girgiza tana sa mota ta daɗe a fili ko a hannun mai ita, daɗewar kuma ita ke ƙara wa bakanike aiki.

Ma'anar sauya fasali a wannan muhalli

A Turai da Japan motar da aka sauya wa fasali tana nufin wadda aka ƙara wa ƙarfi domin tsere ko ƙawa. A Kwatano akwai irin wannan, amma kaɗan ne. Abin da ya fi yawa shi ne motar da sassanta suka daina dacewa da abin da kwamfutarta ta sani. Wata an ɗora mata injin wata mota, wata an fasa mata matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawan Nijeriya suke kira indomi, saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, wata an toshe mata bawul ɗin da ke mai da hayaƙi cikin injin, wata kuma an sake rubuta lissafin kwamfutarta domin ta ƙara ja. Ko da mai motar bai taɓa tunanin tsere ba, ta fuskar injiniya motarsa tana fama da matsalar motar tsere, wato injin yana aiki a wani yanayi, kwamfutar tana lissafi a kan wani.

Yadda turbo yake aiki

Turbo, wanda injiniya ɗan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1905, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ta biyu kuma tana matse iska tana cusa ta cikin silinda, ta yadda ƙaramin injin zai ƙona man da ya fi ƙarfin girmansa. A ƙananan motoci sandar tana iya wuce juyi 150,000 a minti ɗaya, kuma ba a kan boris take gudu ba a yawancinsu, a kan siririn shimfiɗin baƙin mai take yawo a cikin bushi, shi ya sa yankewar mai na 'yan daƙiƙoƙi ta isa ta cinye ta. Matse iska yana ɗumama ta: idan iskar waje tana da zafin digiri 30, kamar yadda aka saba a Kwatano, aka ninka matsinta sau biyu da turbo mai matsakaicin inganci, za ta fito da zafin da ya kai kimanin digiri 125, don haka ake bi da ita ta na'urar sanyaya iska kafin ta shiga injin. Akwai kuma ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke buɗewa idan matsi ya kai iyaka. A injinan gas na zamani an maye gurbinta da 'yan fukafukai masu motsi a kewayen fankar hayaƙi.

Ɗora turbo a injin da bai zo da shi ba

Misalin da ya fi dacewa da yankin Sahel shi ne injin 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ya yi suna wajen juriya amma ba shi da gudu idan an yi masa lodi. Masu bin dogayen hanyoyi sukan so a ɗora masa turbo, kuma aikin yana yiwuwa, sai dai injin yana matse iska fiye da sau 22 kuma yana fesa gas a wani ƙaramin ɗaki kafin babban ɗakin ƙonewa, yayin da ɗan'uwansa 1HD-T, wanda kamfani ya ƙera da turbo tun asali, aka rage masa matsin zuwa ƙasa da sau 19, aka ba shi fiston na daban da fesawa kai tsaye. Wannan bambanci shi ne ma'aunin abin da bakanike yake ƙoƙarin tsallakewa. Idan aka buɗe famfon gas fiye da iskar da turbo ke kawowa, zafin hayaƙi yana hawa har fiston ya tsage ko ƙaramin ɗakin ya fashe, kuma allurar zafin ruwa da ke gaban direba ba ta nuna wannan sai bayan ɓarna ta auku. Saboda haka sensar zafin hayaƙi, wadda ake dasawa kafin turbo, ta fi turbon kansa muhimmanci a wannan aiki, kuma ƙwararru sukan riƙe matsi ƙasa da bar ɗaya, su hana zafin wuce kimanin digiri 700.

A injin fetur mai kwamfuta lamarin ya fi sarƙaƙiya. Sensar matsin iska da ke kan injin da ba shi da turbo an ƙera ta ne ta karanta har zuwa matsin sararin samaniya, wato kimanin kilofaskal 100, kuma duk abin da ya haura wannan ba ta ganinsa. Kwamfutar za ta ci gaba da ba da fetur ɗin iska ɗaya alhali iska ɗaya da rabi ke shiga, cakudar ta yi ƙaranci, injin ya fara ƙwanƙwasa. Sauya ta da mai karanta bar biyu ko uku bai wadatar ba, domin dukkansu suna magana ne tsakanin sifili da bolt 5, kuma bolt 2.5 a bakin wannan ba shi ne bolt 2.5 a bakin waccan ba, sai an sanar da kwamfutar sabon ma'auni. Haka nan nozul da famfon fetur da lokacin tartsatsin filogi duk sai an sake lissafinsu. Mafi yawan aikin da ake kira ɗora turbo, idan aka duba da kyau, aikin lissafi ne, walda da ɗaure bututu su ne ƙaramin ɓangarensa.

Mai da iska a Kwatano

Kaso mai yawa na fetur ɗin da ake sha a Benin kpayo ne, wato wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya a sayar a kwalabe da jarkoki a bakin titi, kuma cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga farashinsa ba tare da ya kawar da shi ba. Illarsa ga injin turbo ita ce rashin tabbas: man da ya kwana a buɗaɗɗen mazubi cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, yana ɗaukar ruwa da ƙura, alhali injinan fetur masu turbo na Turai an tsara su ne a kan fetur mai oktan 95. Sensar ƙwanƙwasa, wadda ke manne a jikin injin tana sauraron karkarwar ƙonewar da ba ta kan lokaci, takan sa kwamfuta ta jinkirta tartsatsi domin kare fiston, sai mota ta yi nauyi, mai ita ya zargi turbo. Wani bakanike yakan cire sensar daga jikin injin ya ɗaure ta a gefe domin motar ta dawo da ƙarfinta, kuma da wuya a sami dabarar da ta fi wannan saurin kashe injin.

Game da gas, binciken ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016, wanda ya haɗa da samfura daga Benin, ya gano sinadarin sulfa da ya ninka iyakar Turai ta kashi 10 cikin miliyan sau ɗaruruwa a wasu ƙasashen Afirka, kuma a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Sulfa da toka suna gurɓata baƙin mai, suna liƙe fukafukan turbo masu motsi, matsalar da aka sani a injinan TDI na Volkswagen, musamman motar da ke wuni a cunkoson kasuwar Dantokpa ba ta samun doguwar tafiyar da za ta ƙone dattin. Injin 1.6 HDi na Peugeot da Citroën ya shahara da wata cutar: washar nozul tana yoyo, baƙin mai ya yi kauri, ƙaramar ragar da ke cikin kusoshin bututun mai ta toshe, turbo ya mutu da ƙishirwa. Wanda ya ɗora sabon turbo bai sauya bututun ba, bai wanke kwanon mai da matatarsa ba, zai sake ganin motar nan ba da daɗewa ba.

Iska ma tana da nata rabon. Gishirin teku da laima suna cin bakin wayoyi a Kwatano, motar kuma idan ta kama hanyar Parakou zuwa Malanbil a lokacin hunturu sai ta shiga ƙurar da ke rufe siririyar wayar sensar auna iska, ta kuma goge bakin fukafukan fankar matsi idan matatar iska ta huje.

Karanta lamba da gano cuta

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai ta bi da nata a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na gas, don haka kusan kowace mota da ke sauka a Kwatano a yau tana da soket mai baki 16 da ake jona na'urar bincike. Na'urar ta yi arha, har waya tana iya karanta ta, sai dai lambar da take bayarwa tana nuna inda kwamfuta ta ga saɓani ne, ba ta nuna mai laifi. Lambar P0299 tana cewa matsin turbo bai kai yadda ake so ba, abin da tsagewar roba ko yoyon na'urar sanyaya iska ko toshewar salansa ko lalacewar siririn bututun da ke jan ƙofar hayaƙi duk suke iya haifarwa. P0234 tana cewa matsin ya wuce kima. P0101 tana shakkar sensar auna iska. P0171 tana cewa fetur ya yi wa iska kaɗan. P0420 kuwa ita ce kukan motar da aka fasa wa matatar hayaƙi.

Kasancewar Kwatano a bakin teku yana ba da gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko sisi: idan aka murɗa makulli ba a tayar da injin ba, sensar matsi ya kamata ta nuna kusan kilofaskal 101, kuma duk wadda ta kauce da nisa ta fallasa kanta tun kafin a kwance kusa ɗaya. Bayan haka sai a duba bolt 5 da kwamfuta ke aika wa sensa da kuma wayar ƙasa, domin sensa da dama sukan yi tarayya a waya ɗaya, ɗaya idan ta haɗe sai sauran su yi ƙarya tare. Sensar iskar oksijin, wadda Bosch ya fara sakawa a motocin Volvo a 1976, tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 a kewayen cakudar kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na fetur, kuma daga gare ta kwamfuta ke lissafa gyaran da take yi wa fetur. Gyaran da ya haura kashi 10 cikin 100 yana bukatar bayani. Yadda gyaran yake sauyawa ya fi adadinsa amfani, domin ɓular da ke bayan maƙogwaron injin tana shigar da iskar da ba a auna ba a lokacin silo, gyaran ya hau, amma da zarar turbo ya matsa sai ɓular ta koma fitar da iskar da aka riga aka auna, gyaran ya faɗi ƙasa da sifili. Sai dai irin wannan tsohuwar sensa ba ta iya auna cakuda mai yawan fetur da injin turbo yake bukata idan an taka shi sosai, don haka duk wanda zai sake rubuta lissafin kwamfuta dole ya dasa mai faɗin zango, in ba haka ba yana aiki ne da ka.

Turbon kansa shi ne na ƙarshen dubawa, kuma idan an kwance shi yana ba da labarin abin da ya kashe shi. Sanda mai launin shuɗi tana nuna ƙarancin mai, bushi mai ƙarce yana nuna datti a cikin man, fukafukan gaba masu gutsurarren baki suna nuna ƙura ko wani abu da ya faɗa, mai a cikin bututun iska kuma sau da yawa yana fitowa ne daga toshewar bututun da ke mai da shi kwano ko daga iskar da ke tsere wa zoben fiston, turbon kuwa lafiyarsa lau. Turbon gwanjo da ake saye a kasuwar kayan gyara yana zuwa da nasa tarihin da ba a sani ba, kuma mai fukafukai masu motsi da kwamfuta ke sarrafawa yana bukatar a daidaita na'urar jansa da injin da aka ɗora shi, aikin da hannu da kunne ba sa iya yi sai da na'urar da ta san wannan samfurin.