George Edington

George Miller Edington (1916 – 1981) likita ne ɗan Birtaniya, masanin fatoloji, wato ilimin gano cuta ta hanyar binciken gawa da duba tsokar jiki a madubin likita. Ya yi mafi yawan aikinsa a Afirka ta Yamma, kuma ya zama farfesa a Ibadan da Zariya. An san shi da bincike kan cututtukan zuciya da cutar sikila da sankara.

Karatu da farkon aiki

Edington ya karanta likitanci a Jami'ar Glasgow da ke Sikotilan. Daga baya ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Gold Coast, ƙasar Gana ta yanzu, inda ya yi aiki a cibiyar binciken lafiya ta Akara. A 1954 shi da Hermann Lehmann suka bayyana wani sabon nau'in sinadarin jini, himogulobin G.

Bincike kan zuciya da huhu

A 1954 ya wallafa nazari kan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da ke kashe mutane a Gold Coast. A wancan zamani toshewar jijiyar zuciya, wadda ta addabi Turai, ba ta da yawa a yankin. Abin da aka fi gani shi ne hawan jini da lalacewar tsokar zuciya.

A 1963 shi da J. G. Jackson suka rubuta kan cututtukan tsokar zuciya a Najeriya, ciki har da taurin bangon cikin zuciya, wanda J. N. P. Davies ya bayyana a Yuganda a 1948. A wannan cuta tabo mai kauri yakan rufe cikin ɗakunan zuciya na ƙasa, ya hana su cika da jini yadda ya kamata, sai ciki da ƙafafu su kumbura.

Ya kuma bayyana irin ɓarnar da sikila ke yi wa gaɓoɓi a wata maƙala ta 1957. Ɗaya daga cikin haɗurran cutar shi ne mutuwar ɓargo, wanda guntayensa ke bin jini su toshe jijiyoyin huhu, musamman ga mai tsohon ciki.

Ibadan da Zariya

A ƙarshen shekarun 1950 ya zama farfesan fatoloji a Ibadan, inda ya kafa rajistar masu cutar sankara a 1960. A shekarun 1970 ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, lokacin da makarantar likitancinta take sabuwa, ya kuma nazarci yanayin sankara a arewacin Najeriya.

Littafi

Shi da Herbert Gilles suka rubuta Pathology in the Tropics, littafi kan cututtukan ƙasashe masu zafi, wanda ya fito a 1969, aka sake buga shi a 1976.