Murjani da Tsakiya a Birnin Kano

Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga Kasuwar Kurmi a shekarar 1824, wato fiye da ƙarni uku bayan Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta, daga cikin abubuwan da ya lissafa a rumfunan 'yan koli akwai duwatsun wuya na ƙarau da na murjani, da ɗan abin da ba a rasa ba na azurfa, amma ya ce bai ga zinariya ba ko kaɗan. Wannan shaida tana nuna cewa, kafin zinarin Makka da na Dubai su mamaye lefe, dukiyar da macen birni take ratayawa a wuyanta, take jinginarwa ranar ƙunci, kuma ake rabawa cikin gādo bayan ranta, galibinta dutse ne mai launi.

Kowanne daga cikin waɗannan duwatsu da doguwar tafiyarsa. Murjani daga Bahar Rum ake ciro shi, a gyara shi a Italiya, sa'an nan Larabawan Gadamus da na Tarabulus su ɗoro shi bisa raƙuma, su keto Sahara ta Gat da Azbin har su sauke a Dandalin Turawa cikin birnin Kano. Jan dutsen nan kuwa da Larabawa ke kira aƙiƙ, wanda ake yin tsakiya da irinsa, tun zamanin da ake fere shi a Kambay ta ƙasar Hindu, alhazai da fatake suna shigo da shi ta gabas, har zuwa ƙarni na 19 lokacin da mutanen wani gari na Jamus, Idar-Oberstein, suka shiga sayo ɗanyensa daga Barazil suna rina shi, suna kwaikwayon fasalin da mutanen Afirka suka fi so. Akwai kuma lantana, wanda Hausawa suke kai dutsensa Ilori a huda a goge.

To, abin da ya zo daga nesa haka ba a yi masa riƙon sakainar kashi, shi ya sa adana shi ya zama wani ilmi, ko da yake ilmi ne na tsakar gida wanda uwa ke koya wa ɗiya, ba wanda ya damu ya rubuta shi. Asalinsa kuwa sanin bambancin ɗabi'ar duwatsun ne. Tsakiya tana da tauri, ba ta jin tsoron ruwa ko sabulu, sai fa ta faɗi a daɓe ta ɓantare. Murjani kuwa, wanda Alƙur'ani mai girma ya ambace shi tare da lu'ulu'u cikin Suratur Rahman, ba dutsen ƙasa ba ne, ginin wata ƙaramar halitta ce ta cikin teku, jinsinsa ɗaya da alli, saboda haka duk abu mai tsami yana cinsa; kuma a nan ne amarya marar sani takan yi hasara, domin lemon tsami da tokar da ake dirje azurfar maƙeran fari da su har ta yi fes, su ne dai za su kashe hasken murjanin da aka jera tsakanin azurfar, su bar shi fari-fari kamar ya yi ƙirci. Gumi ma yana yi masa lahani, haka turaren fesawa, don haka sai an gama shafe-shafe ake sa shi, in an tuɓe a share da tattausan ƙyalle, a naɗe shi shi kaɗai kada mai tauri ya karce shi, a sa cikin adudu inda ƙurar hunturu ba ta kaiwa.

A ganina, hikimar da ta fi kowace ita ce kula da zaren da aka jera duwatsun a kai, gama shi ne yake fara ruɓewa, kuma in ya tsinke cikin turmutsutsun biki, abin da aka tara shekara da shekaru sai ya watse ƙarƙashin ƙafafun jama'a. Mai hankali takan sāke shi tun bai yi baƙi ba.

Shari'a ma ta sauƙaƙa riƙon wannan dukiya, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran birni ke karantawa, ta bayyana cewa babu zakka a kan kayan adon da aka ajiye don sawa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Sahara ya mutu, kwaikwayon ƙarau daga Turai ya cika kasuwa, sai aikin dillaliya ya koma rarrabe na gaske da jabu: ta ɗora dutse a kumatu ta ji sanyinsa, ta ƙwanƙwasa a haƙori, ta leƙa hujin ta ga ko zare ya cinye bakinsa saboda daɗewa. Wannan cin da zare ya yi shi ne har gobe 'yan Kurmi suke nuna wa masu neman tsofaffin duwatsu don kai su Turai da Amurka, kuma a kansa ake yanke kuɗi.