Me Ya Sa Alamomin Saman Haruffa Ke Watsewa a Kwamfuta, Kuma Ta Yaya Ake Gyara Su?

Duk wanda ya taɓa rubuta aikin digiri a sashen Hausa, ko ya ɗauko kalma daga ƙamus ya saka a Microsoft Word, ya san wannan takaici: alamar da ya kamata ta hau kan wasali sai ta zame gefe, ko ta faɗa kan harafin da ke gaba, ko wani ɗan akwati ya tsaya a madadinta. Mafi yawan mutane sukan ɗauka rubutun ne ya lalace, sai su goge. Sau da yawa rubutun lafiya lau yake, salon haruffan da aka zaɓa, wato abin da masu ɗab'i ke kira font, shi ne ya gaza nuna shi.

Tushen al'amarin yana cikin Unicode, tsarin da ya bai wa kowane harafi lambarsa, wanda aka fara fitarwa a 1991. A wannan tsari ana iya rubuta à ta hanya biyu: ko dai a matsayin harafi guda ginanne, ko kuma a rubuta a sannan a bi shi da alamar ɗori mai lamba U+0300, manhaja ta ɗora ta a kansa. Alamomin ɗori suna jere ne daga U+0300 zuwa U+036F. Harsunan Turai kamar Faransanci sun sami ginannun haruffansu tun farko. Daga baya hukumar Unicode ta daina ƙara irin waɗannan haruffa, don haka harsunan Afirka da dama suka dogara ga ɗori.

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma masana harshe suna nunawa. Ƙamus ɗin Paul Newman na 2007 yana bambanta gàrī na zama da gā̀rī na tuwo, yana kuma rubuta r̃ don raba r ɗin barka da ta rana. Babu ginannen harafi ga r̃, babu ga ā̀. Abin mamaki, akwai ginannun ḕ da ṑ, shi ya sa a shafi ɗaya wasu wasulan ke fitowa tsaf, wasu kuwa a karkace. Masu rubuta Yarbanci sun fi mu shan wahala, domin ẹ́ da ọ̀ na cikin rubutunsu na kullum, har a sunayen mutane.

Matakin farko shi ne gano inda ciwon yake. A Word, a ajiye alamar rubutu bayan harafin, a danna Alt da X tare, lambarsa za ta bayyana. Idan 0300 ko 0303 ta fito, rubutun daidai yake, sai a sauya salon haruffa. Salo mai inganci yana ɗauke da bayanin daidai wurin da kowace alama za ta zauna a kan kowane harafi, da yadda alama za ta hau kan 'yar'uwarta. Wanda ba shi da wannan bayani sai ya jefa ta inda ya ga dama. Charis SIL da Doulos SIL da Gentium da Andika, duk na ƙungiyar SIL, da kuma Noto na Google, kyauta ake samun su, kuma an gina su ne da irin wannan aiki a zuciya. Wajibi ne harafin da alamarsa su kasance cikin salo ɗaya: idan salon da aka zaɓa ba shi da alamar, Word yakan aro ta daga wani salon ba tare da sanarwa ba, sai ta zauna a karkace.

Akwai wani tarko a wajen shigar da alamar. Idan aka rubuta r0303 aka danna Alt da X, r̃ za ta fito. Amma a0300 ba za ta yi ba, domin haruffan a zuwa f suna cikin lissafin lambobin, sai manhajar ta haɗa a ɗin da lambar. Mafita ita ce a rubuta aU+0300, ko a zaɓi lambobin huɗu kaɗai kafin a danna. In kuwa da'ira mai ɗige-ɗige ta bayyana, alamar ce ta rasa harafin da za ta hau. Idan saman alamar ya yanke, tazarar layuka ce aka ƙayyade ta yi kaɗan, sai a sassauta ta.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba alamomin ɗori ba ne, kowanne na da lambarsa: ƙ ita ce U+0199. Ciwonsu daban ne. Idan aka ga Æ™ a gurbin ƙ, an buɗe fayil na UTF-8 ne da tsohon tsarin Windows, sai a sake buɗe shi da tsarin da ya dace kafin a adana komai a kansa. Idan kuma aka ga }asa a maimakon ƙasa, takardar da tsohon salon Hausa aka buga ta, irin wanda ke zana ƙ a kan maɓallin wata alama. A nan sauya salo ruɗi ne kawai, sai an bi an musanya kowace alama da harafin gaskiya.

Ga mai binciken takardu, wannan ya wuce batun kyan shafi. Suna ɗaya da aka rubuta da ginannen harafi a wata takarda, da ɗori a wata, iri ɗaya ne a ido, amma wasu manhajojin nema ba sa haɗa su, sai sunan da ke cikin kundin kwangila ya ɓuya alhali yana nan. Unicode ya tanadi daidaitawa iri biyu don haka, NFC mai haɗe abin da zai haɗu da NFD mai warwarewa, kuma ya kamata a mayar da dukkan takardu zuwa guda kafin a fara nema. Wajen aikawa kuwa, a mayar da takardar PDF tare da cusa salon haruffan a cikinta, domin kwamfutar mai karɓa ba lallai ne ta mallaki salon da aka yi aiki da shi ba.