Ramin da Ba a Haƙa Ba a Abuja

Daga ƙarƙashin ƙasa aka fara gina Abuja. Bayan dokar Janar Murtala ta kafa birnin ta 3 ga Fabrairu 1976 da taswirar birnin ta 1979, sai da aka binne bututun ruwa da na bahaya da wayoyin lantarki da tarho a Garki da Wuse kafin a malala kwalta. Ina yaron mai aikin famfo na shiga waɗannan ramuka, kuma ban taɓa jin wani injiniya ya ce a bar wa gas hanya ba, alhali a lokacin ƙone shi ake yi a banza, dare da rana, a Neja Delta.

To da me aka yi girki? Mu lebura da itace. Matan Gbagyi ke kawo shi da sassafe, an jibga cikin ƙatuwar ƙwarya a bayan kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Ma'aikatan da suka taso daga Legas, musamman bayan gwamnati ta tare a 12 ga Disamba 1991, risho suka zo da shi, sai manya 'yan ƙalilan masu tukunyar gas. Da kananzir ya yi wuya zamanin Abacha, har gidajen masu albashi aka koma murhun garin katako, aka laƙa masa sunan shugaban.

Tukunya ba ta zama ta kowa ba sai da kamfanin NLNG ya fara ware wa kasuwar gida gas a 2007, aka kuma cire tallafin kananzir a 2016. Nan sana'armu ta sami sabon reshe. Uwargida ba ta son tukunya mai kilo 12.5 a gefen wuta, mai gida kuma ba ya son ɓarawo ya sungume ta, shi ya sa ake gina mata keji da kwaɗo a bayan kicin, mu kuma mu ja bututu.

Kafin a yi daɓe ake wannan aiki. Sai ka shimfiɗa bututun roba, ka zura na jan ƙarfe a ciki, domin siminti na cin jan ƙarfe in sun daɗe a haɗe, kuma ran gyara zarowa za ka yi ba fasa tayil ba. Kada a yi haɗi a ƙarƙashin daɓe, ko mai gida ya ce guntun bututun da ya rage zai isa. In an gama, a kaɗa ruwan Omo a shafe kowace mahaɗa; inda kumfa ta kumbura, nan yake yoyo. Birkila mai gaggawa ya fi kowa ɓata mana aiki.

Babban bututun gas kam ya zo. Na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, wanda Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, ta yankin Abuja ya ratsa. Amma tashoshin lantarki da masana'antu aka yi wa shi, irin tashar Gwagwalada da aka aza harsashinta a 2023. Duk da haka wasu masu gini a Kuje da Lugbe kan ce, "Malam, ja mini roba har bakin get, ko Allah zai sa." Nakan ja, in toshe bakin da leda saboda ƙasa, amma kuɗin wannan daban ne.