Yadda ake auna motsin tsagar ƙasa, da inda ya shafi kudancin Kano

Tsagar ƙasa wani dogon rabewa ne a cikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, inda ɓangarori biyu ke gogar juna. Muddin ɓangarorin suna maƙale, ƙarfi na taruwa a tsakaninsu. Ranar da suka suɓuce, sai a ji girgizar ƙasa. Saboda haka babbar tambayar da masana ke yi game da kowace tsaga ita ce: milimita nawa take gusawa a shekara?

Hanyoyin awo

Hanya ta farko a fili ake yin ta. Masu bincike kan nemi rafi ko tudun da tsaga ta raba biyu, su auna tazarar da ɓangarorin suka yi, sannan su gano shekarun wurin daga gawayi ko laka. A rafin Wallace da ke kan tsagar San Andreas a Kalifoniya ta Amurka, an samu gocewar kimanin mita 130 cikin shekara 3,700, wato kusan milimita 35 a shekara.

Hanya ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam. Ana kafa na'urar GPS a kan dutse mai ƙwari, ta riƙa rubuta matsayinta dare da rana tsawon shekaru. Bambancin gusawar tashoshin da ke ɓangarorin tsaga biyu shi ne saurin tsagar.

Lissafin mai sauƙi ne. Tsagar da ke tafiyar milimita 35 a shekara za ta tara mita ɗaya cikin kusan shekara 30, mai milimita ɗaya kuwa sai ta shekara 1,000. Jinkiri dai ba aminci ba ne. Tsaunukan Atlas na Maroko na matsewa da kimanin milimita ɗaya ne kacal a shekara, amma girgizar da ta auku can ranar 8 ga Satumban 2023, mai ƙarfin maki 6.8, ta hallaka kusan mutum 3,000. A Afirka ta Yamma ma an yi girgiza mai kisa a Akara a 1939, da ƙasar Gini a 1983.

Halin da Najeriya ke ciki

Najeriya na tsakiyar faifan dutsen da ke ɗauke da yawancin Afirka, nesa da bakinsa. Faifan gaba ɗaya na gusawa arewa maso gabas da santimita biyu zuwa uku a shekara, sai dai motsin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka an ji girgiza a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumban 2016, da Mpape ta Abuja a Satumban 2018. Tsagar da aka fi ambata a ƙasar ita ce wadda ta taso daga Ifewara a kudu maso yamma zuwa Zungeru.

Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya NASRDA, tana kula da tashoshin sauraren girgiza. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya kuma ya fara kafa tashoshin GPS na dindindin a 2008, cikinsu har da ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da ta Toro.

Kudancin Kano

Burumburum da kewayenta, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, suna kan tsohon dutse mai shekara sama da miliyan 500. Duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ragowar aman wuta ne da ya mutu tun tuni. Irin wannan dutse cike yake da tsofaffin tsagogi, kuma awo ne kaɗai ke bambanta wadda ta mutu da wadda ke rarrafe.

A wannan yanki ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Injiniyan da zai duba ƙarfin madatsa, ko ya tsara gada ko benen kasuwa, yana buƙatar sanin irin girgizar da ginin zai iya fuskanta a tsawon rayuwarsa.

Dalilin haɗa bayanai

Tasha ɗaya ba ta nuna motsin tsaga. Sai an gwama ta da wasu. Haka kuma motsin da bai kai milimita ɗaya ba yakan ɓace cikin kuskuren na'ura, sai an tara awo na shekaru masu yawa ba yankewa. Shi ya sa gidauniyar GEM da ke Pavia a Italiya, wadda aka kafa a 2009, ke tattara taswirar tsagogi masu motsi na duniya tare da saurinsu. Awo mai amfani yakan zo da wurin da aka yi shi, da hanyar da aka bi, da iyakar kuskurensa, domin wani ya iya tantancewa. Daga irin wannan rumbu ake fitar da taswirar haɗari, daga taswirar kuma ake rubuta dokokin gini da ƙayyade kuɗin inshora.