Ɗan Karan da ke Ba Algaita Murya

Ranar hawan Sallah, ƙarar algaita kan riga dokin sarki isa kunnen jama'a. Amma ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba. Danginta suna nan har gobe, gaita a Maroko, zurna a Turkiyya, kuma masana sun fi karkata ga cewa fatake masu ƙetare Sahara da hulɗa da Barno ne suka kawo mana ita. Tarihin Kano ya danganta kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ita kuwa algaita ta samu gurbi kusa da shi a ƙofar fada.

Malaman jihadin 1804 sun soki kaɗe-kaɗen sarakunan da suka tarar, sai dai sarauta ba ta iya zama shiru. Busa ta dawo fadoji, har a wannan yanki namu na Zamfara: Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, Tsafe ta 'Yandoto, da Bungudu ta Sarkin Fulani.

Mai kallon algaita yakan ga itacen da aka lulluɓe da fata, da bututun tagulla, da faifan da leɓe ke jingina a kai. Abin da ba ya gani shi ne ɗan karan ciyawa da aka matse bakinsa ya zama harshe biyu, wanda mabushi ke cusawa cikin bakinsa gaba ɗaya. A nan muryar take. Mabushi da kansa yake zaɓo shi, ya yanka, ya jiƙa, ya busa shi shi kaɗai kafin ya ɗora a bututu. In ya yi tauri, kumatu su gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba. In ya yi laushi, ya liƙe, sauti ya shaƙe. Ga shi kuma mabushi na jan numfashi ta hanci yana fitar da iskar da ya tara a kumatu, don kada busa ta yanke, yana bin hawa da saukar muryar Hausa har mai saurare ya gane taken wane ake yi. Karan da bai amsa ba yana iya ɓata take a gaban sarki, kuma wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Kilarinet kuwa, wadda Johann Christoph Denner ya ƙera a Nuremberg ta Jamus wajen 1700, harshe ɗaya gare ta, kuma da badujalar soja da 'yan sanda ta shigo mana. Mai busa ta kan sayi harsunanta a kwali, kowanne da lambar taurinsa. Mai algaita ba shi da kanti, ba shi da lamba, sai kunne da abin da ya gada wurin uba ko maigida.

Shi ya sa in tsoho ɗaya ya rasu bai koyar ba, asarar ba ta gyaruwa. Masarautunmu da gwamnatin Zamfara su nemi mabusan da suka rage, su ɗauki aikinsu a faifai, su tallafa wa yaran da ke son koyo.