Karen da Bai Samu Suna ba a Rano

A ƙasar Rano da Kibiya ba a tambayar asalin kare, aikinsa ake tambaya. Akwai karen gida mai gadi, akwai karen farauta, sai karen Fulani mai bin shanu. Malamanmu ma da ma'aunin aiki suke duba shi, domin farauta da kiwo da tsaron gona ne suka halatta ajiye shi. Macen karya ce, ɗan kuma kwikwiyo, nan lissafin ya tsaya.

Shi ya sa ɗan gajeren karen nan na Ingila mai faɗa-faɗan kunnuwa, wanda Turawa ke kira beagle, bai samu suna a bakinmu ba. In aka gan shi a gidan wani mai hali a Kano, sai a ce karen Turawa, a haɗa shi kwando ɗaya da zabgegen karen 'yan sanda. Alhali aikinsa ba baƙo ba ne a wurinmu: zomo aka rene shi ya kora, hanci a ƙasa, yana sansana sawu yana haushi. Tun 1885 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi rajista.

Namu siriri ne mai dogayen ƙafafu, gudu ne jarinsa. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan farauta kan fita wajen duwatsun Rurum da gangi da gora da barandami, karnuka na gaba. Da yawa an datse musu kunne tun suna kwikwiyo, wai don kada ƙaya ko abokin faɗa ya samu abin kamawa. Ka ga kuwa mai kunne har haɓa zai sha kallo.

Wajen sunan yanka ne mafarauci ke nuna gwaninta. Baƙin kare Duna ne, wannan launi kawai aka bi. Amma in ka ji ana ƙwala wa kare kira da Ba-ruwanka, to da maƙwabci ake, habaici ne da ba shi da hanyar kai ƙara. Ni wannan ya fi burge ni da takardar asali.

Kulawa kuwa ba ta san jinsi ba: tuwon dusa da ƙanzo, cire kaska, da allurar haukan kare, irin wadda cibiyar Vom ta jihar Filato ke haɗawa. Beagle dai sai an ƙara masa da igiya, don in hancinsa ya kama warin gafiya, ko Sarkin Baka ne ya kira shi ba zai waiwayo ba.